Al-Asma'i: Masanin Harshe da Littafinsa na Dawaki

Asalinsa da Karatunsa

Cikakken sunansa Abu Sa'id Abdulmalik ɗan Ƙuraibu, daga ƙabilar Bahila. An haife shi a birnin Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 740 Miladiyya. Ya yi karatu a gaban manyan malaman harshe irin su Abu Amr ɗan Ala'i da Halilu ɗan Ahmad. A wancan zamani Larabawa sun cika birane, sun cuɗanya da wasu al'ummu, har kalmomin makiyaya suka fara ɓacewa daga bakunan 'ya'yansu. Saboda haka Asma'i ya riƙa fita ƙauyuka da hamada, yana zama da makiyaya, yana rubuta abin da ya ji daga bakinsu.

Littafin Dawaki

Ya wallafa ƙananan littattafai a kan raƙuma da tumaki da namun daji da tsirrai da gaɓoɓin ɗan Adam. Daga cikinsu akwai Kitabul Haili, wato Littafin Dawaki, wanda ya buɗe da batun barbara da ɗaukar ciki da haihuwa. Ya nuna cewa makiyaya kan mayar da goɗiya ga ingarma kwana 7 bayan ta haihu, kuma suna da suna na musamman da suke kiranta da shi a wannan lokaci. Likitocin dabbobi na yau sun tabbatar da cewa goɗiya kan nemi barbara kamar mako guda zuwa biyu bayan haihuwa. Cikinta kan kai kimanin wata 11, duƙushin kuma kan miƙe tsaye cikin awa ɗaya ko biyu, ya kama nono ya sha dakashi, wanda shi ne garkuwarsa daga cututtuka.

Daga nan sai malamin ya bi duƙushin mataki-mataki. Sabon haihuwa ana ce masa muhru. Idan aka yaye shi, sai ya zama fuluwwu. Idan ya isa a fara hawansa, ya zama jaza'u. Daga nan kuma haƙora ne ma'auni: wanda ya zubar da haƙoran gaba shi ne saniyyu, wanda ya zubar da na kusa da su raba'u, wanda bakinsa ya cika a wajen shekara 5 kuwa shi ne ƙarihu. Kusan kowace kalma ya kafa mata hujja da baitin tsofaffin mawaƙa.

Zamansa a Bagadaza

Shahararsa ta sa aka kira shi fadar Halifa Haruna Rashidu. An ruwaito cewa wata rana waziri Fadlu ɗan Rabi'u ya haɗa shi da abokin hamayyarsa Abu Ubaida, wanda littafinsa na dawaki ya ninka na Asma'i girma. Wazirin ya sa aka kawo doki, ya nemi Abu Ubaida ya nuna gaɓoɓinsa da sunayensu, amma ya kasa, ya kafa uzuri da cewa wannan aikin masu maganin dabbobi ne. Sai Asma'i ya tashi, ya fara daga makwarkwaɗa har kofato, yana ɗora hannu a kan kowace gaɓa, yana faɗin sunanta da baitin da ya zo a kanta. Nan take aka ba shi dokin kyauta.

Rasuwarsa da Gadonsa

Ya rasu wajen shekarar 830, ya bar ɗalibai irin su Abu Hatim Sijistani. Masu ƙamusoshin Larabci na baya sun dogara ƙwarai da abin da ya tattara, kuma an buga Littafin Dawaki a birnin Biyana a 1895. Darasin da mai nazarin Hausa zai ɗauka a nan shi ne, kalmomi irin su duƙushi da goɗiya da akawal da kili a bargar sarki da bakin 'yan bayan doki suke raye, can kuma ya kamata a je a ɗauko su tun masu su na nan.