George Minot, Likitan da Ya Yi Magani da Hanta

An haifi George Minot a Boston ta Amurka a 1885. Yana likita ciwon suga ya kama shi a 1921, lokacin da mai wannan ciwo sai jiran ajali. Allurar insulin ce ta cece shi. A 1926, shi da William Murphy suka riƙa ɗura wa masu wani mugun ƙarancin jini hanta kullum, suka miƙe garau. Ashe ba sinadarin ƙarfen hantar ne ya warkar da su ba, bitamin B12 ne, wanda sai 1948 aka tace shi. Shi ya sa gabana ke faɗuwa in na ga mai suga a Gwarzo ko Kabo yana sayen maganin ƙarin jini a kemis ba gwaji. Minot ya samu kyautar Nobel a 1934, ya mutu a 1950.