Marigayi Duse Muhammadu Ali, Mutumin Masar Da Ya Kafa Jaridar Comet

Dattawan Kano da suka ga zamanin siyasar NEPU ba su manta da jaridar Comet ba, domin a cikinta ne 'yan hamayya suke samun filin amayar da abin da ke cikinsu, a lokacin da sukar En'e takan kai mutum gaban alkali. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka san mutumin da ya kafa ta, wanda ya riga mu gidan gaskiya tun jaridar ba ta zo Arewa ba.

Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar, an haifi Duse Muhammadu Ali a birnin Iskandariya ta ƙasar Masar cikin shekarar 1866, mahaifinsa hafsan soja ne, mahaifiyarsa kuwa mutuniyar Sudan. Tun yana yaro aka kai shi Ingila karatu, ya daɗe a can har Larabci ya kuɓuce masa. Wannan shi ya sa duk gwagwarmayar da ya yi domin Masar da sauran ƙasashen Musulmi, da Turanci ya yi ta. Ya yi shekaru yana wasan kwaikwayo kafin ya koma ga alƙalami.

A 1911 ya fitar da littafi a kan tarihin Masar, wanda ya jawo masa suna, ya kuma jawo masa zargin ɗibar maganganun waɗansu marubuta ba tare da ambatonsu ba. Shekara guda bayan haka ya buɗe mujallar African Times and Orient Review a London, da taimakon lauyan nan na ƙasar Gwalkwas, watau Casely Hayford. Manufarta ita ce haɗa kan mutanen Afirka da na Asiya waɗanda mulkin mallaka ya danne, abin da bai yi wa hukumar Ingila daɗi ba ko kaɗan, balle da aka shiga Yaƙin Duniya na Farko ana ganin zuciyarsa tana wajen Turkiyya. A ofishin nan ne wani saurayi daga Jamaika, Marcus Garvey, ya yi aiki ya buɗe ido. Da Duse ya tafi Amurka a 1921 sai reshe ya juye da mujiya, shi ne ya koma yana rubutu a jaridar Garvey.

Harkokin ciniki da ya gwada ba su yi albarka ba. Ya sauka Ikko a 1931, shekaru sun ja, hannu kuma babu nauyi, amma duk da haka a 1933 ya kafa Comet, tana fitowa mako-mako. 'Yan boko suka rungume ta, shi kuma ya zama dattijon da ake jin maganarsa a gari. Shi ya shugabanci taron da aka kafa jam'iyyar NCNC ran 26 ga Agusta, 1944, inda aka zaɓi Herbert Macaulay shugaba, Dokta Nnamdi Azikiwe kuma sakatare.

Allah ya yi masa rasuwa a Ikko ran 25 ga Yuni, 1945, ana tsakiyar yajin aikin ma'aikata na ƙasa baki ɗaya. Kafin nan jaridar ta koma hannun kamfanin Azikiwe tana fitowa kullum, kuma ba a yi wata guda da binne shi ba Gwamnati ta hana buga ta na wani lokaci, ita da West African Pilot, saboda goyon bayan masu yajin.

A 1949 aka maido da Comet Kano. Da aka kafa NEPU ran 8 ga Agusta, 1950, sai ta zama bakin jam'iyyar, tana buga koke-koken talakawa da jawaban Malam Aminu Kano, shekara biyar bayan an rufe Duse da ƙasa a maƙabartar Musulmi ta Ikko.