Leonhard Euler: Makahon Da Ya Gagari Masu Ido A Lissafi

A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin Leonhard Euler, wanda ake furta sunansa Oila, ɗaya daga cikin manyan gwanayen lissafi da aka taɓa yi a duniya, wanda kuma har yau masana ke muhawara a kan layi guda na wani littafinsa.

An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan ran 15 ga watan Afrilu, 1707. Ubansa limamin coci ne, ya kuma so ɗan ya gaje shi. Amma da yaron ya shiga jami'ar Basel yana da shekara 13, sai shahararren malamin lissafi Johann Bernoulli ya lura da basirarsa, ya riƙa ganinsa kowace Asabar yana warware masa abin da ya shige masa duhu, daga baya kuma ya shawo kan uban ya bar shi ya bi lissafi.

A 1727 Euler ya tafi birnin St. Petersburg na Rasha don aiki a majalisar masana kimiyya. Can ya yi aure a 1734, ya haifi 'ya'ya 13, amma biyar kaɗai suka girma. Wajen 1738 idonsa na dama ya mutu. A 1741 Sarki Frederick ya gayyace shi Berlin, inda ya yi shekara 25, sa'an nan ya koma Rasha a 1766. Ba da jimawa ba yana ta rufe masa idon hagu.

Makanta ba ta hana shi aiki ba. A ka yake yin lissafi, ya faɗa, wasu su rubuta. Haka ya shifta littafinsa na koyar da aljabara, wanda aka buga da Jamusanci a 1770. Wanda ya riƙe masa alƙalami wani baransa ne mai sana'ar ɗinki, kuma an ba da labari cewa kafin su gama, telan ya iya aljabara.

To, a cikin wannan littafi layin gardamar yake. Tushen lamba shi ne lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka waccan lambar, watau tushen 9 shi ne 3, domin 3 sau 3 tara ne. Akwai kuwa wata ƙa'ida: tushen 4 sau tushen 9 daidai yake da tushen 36, watau 6. Amma lambar da ke ƙasa da sifiri, kamar -1, ba ta da tushe cikin lambobin da muka saba da su, domin -1 sau -1 ma ɗaya yake bayarwa. Sai masana suka ƙago mata tushe, Descartes na Faransa kuwa ya kira irin waɗannan lambobin zato a 1637.

Daga nan aka sami wata hujjar ƙarya da ake ruɗa ɗalibai da ita. Za a ce 1 shi ne tushen 1. Shi kuma 1 daidai yake da -1 sau -1. Bisa ƙa'idar nan, tushen 1 ya zama tushen -1 sau tushen -1, wanda ke ba da -1. Ke nan 1 daidai yake da -1, watau mai naira ɗaya a aljihu da wanda ake bi bashin naira ɗaya duk ɗaya suke! Inda gizo ke saƙar shi ne ƙa'idar ba ta aiki in lambobin biyu duk suna ƙasa da sifiri. Ban da haka, 1 tushe biyu gare shi, 1 da -1, mai hujjar kuwa ya shiga da ɗaya ya fita da ɗayan.

Euler ya ce a littafinsa tushen -2 sau tushen -3 yana ba da tushen 6, alhali a lissafin yau amsar tana ɗauke da alamar ɗebewa. Waɗansu masana suka ce tuntuɓe ya yi, waɗansu kuma suka kare shi da cewa tushen nan biyu duka yake nufi. Ko ma dai yaya ne, shi da kansa ya kawo maganin. A 1777 ya yi amfani da harafin i a madadin tushen -1. Da zarar an tuna i sau i yana ba da -1, tarkon ya tashi aiki. Da wannan harafi masana lissafi ke aiki har yau.

Gobara ta cinye gidansa a 1771, matarsa ta rasu a 1773, duk da haka bai daina aiki ba. Ya rasu a St. Petersburg ran 18 ga watan Satumba, 1783, yana da shekara 76, ya bar littattafai da maƙalu fiye da 800.

Ɗalibanmu sai su yi hattara. In har layin Euler ya jawo gardama, to kafin ka yi aiki da kowace ƙa'ida, bincika ka san inda iyakarta take.