Annie Fratellini, Wadda Ta Buɗe Ƙofar Gado

'Yan'uwa masu koyon aikin malanta, ina so in ba ku labarin wata mace ta ƙasar Faransa, domin a ganina akwai abin koyi gare mu cikin zamanta.

A ƙasashen Turai akwai wani wasa da ake kira sakas. A cikin babbar laima ake yinsa, inda za ka ga masu tafiya bisa igiya, da masu alkafura, da masu wasa da dawaki, da wawaye masu ba jama'a dariya. A dā sana'a ce ta gado, kamar ƙira ko wanzanci a wurinmu. A lokacin, wanda ba ɗan gida ba, da wuya ya sami mai koya masa.

An haifi Annie Fratellini a birnin Aljiyas cikin 1932. Kakanta Paul yana ɗaya daga cikin 'yan'uwa uku, shi da François da Albert, waɗanda suka yi suna a Faris wajen wasan wawa. Tun tana yarinya ta shiga fage, amma da ta zama budurwa sai ta bar sana'ar gida, ta koma waƙa da fitowa a silima. Cikin 1969 ta auri Pierre Étaix, mai shirya silima, kāna su biyu suka koma laima suna wasan wawa, abin da mata ba su cika yi ba a lokacin.

To, a wannan zamani kasuwar sakas ta fara ci baya, talabijin ya janye 'yan kallo, gidajen gado kuwa suna ta raguwa. Annie ta lura idan mai sani ya mutu bai koyar ba, sanin ya bi shi kabari. Saboda haka cikin 1974 ita da mijinta suka kafa makaranta a Faris, suka buɗe ta ga kowane yaro, ko ɗan wane ne. Daga baya, cikin 1985, gwamnati ta buɗe babbar makarantar sakas a Châlons.

Annie ta rasu cikin 1997. Cikin 2003 aka buɗe makaranta mai sunan gidansu a Saint-Denis don ta ɗora kan aikinta.

Mu da za a ba mu 'ya'yan mutane, sai mu tuna ba mu da ikon tambayar yaro gidan da ya fito kafin mu koya masa.