Nana Asma'u: 'Yar Shehu da ta kafa ƙungiyar matan karkara wadda ta rayu bayanta

Mutanen jihar Tawa ba baƙi ba ne a tarihin gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehun a 1754. Babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a ƙasar Madawa ya cika. A wancan zamani babu iyakar da Turawa suka shata daga baya. Fatake da almajirai kan sauko daga duwatsun Adar su ratsa Ƙonni su shiga tsakiyar Gobir, ba mai tambayar su takarda. A wannan ƙasa ce, a garin Degel da yau ya faɗa ɓangaren Najeriya, aka haifi 'yarsa Nana Asma'u a wajajen 1793.

Sunanta sananne ne. Makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'in Arewa na ɗauke da shi. Amma yawancin masu ambaton ta a kan waƙoƙinta suke tsayawa. Aikin da ya fi rubuta waƙa wuya, wato haɗa kan matan ƙauyuka da ba su san juna ba, a horar da shugabanni daga cikinsu, a sa su ɗauki nauyin tafiyar da kansu, shi ne ba a cika zurfafa magana a kansa ba. Sunan wannan ƙungiya 'Yan Taru.

'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma Shehu bai raɗa mata sunan da aka saba ba tagwaye ba, ya sa mata Asma'u. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sauran matan gidan suka rene ta. Degel a lokacin tsangaya ce guda, kuma karatu a gidan Shehu bai bar mata a baya ba. Shi kansa ya sha sukar malaman da ke koyar da almajiran wasu alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da tauhidi da tasawwufi a tafarkin Ƙadiriyya. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Tana da kimanin shekara 11 rikici tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Daga nan sai yaƙi da yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan: nasarar Tafkin Kwatto, asarar Tsuntsuwa inda mahaddata da yawa suka kwanta dama, sannan Alwasa. A cikin wannan hali aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Alkalawa ta faɗi a 1808. Shehu ya rasu a 1817, Bello ya gaje shi.

Matsalar da nasara ta haifar

Cin yaƙi abu ɗaya ne, zama da waɗanda aka ci wani abu ne dabam. Ƙasar da ke kewaye da Sakkwato da Wurno ta cika da mata da yaƙi ya watsa: gwauraye, marayu, da kamammu da aka kwaso daga Gobir da Kabi da Zamfara aka rarraba cikin gidaje da rinjoji a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai. Hausa suke ji, ba Fulatanci ko Larabci ba. Yawancinsu kuma da bori suka saba neman lafiya da kwanciyar hankali. A Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta wadda ke shugabantar mata da 'yan bori, tana da faɗa a ji a fada. Da aka rushe wancan tsari, matan sun rasa inda za su kai kuka, su ne kuma ke renon 'ya'yan da za su gaji sabuwar daula.

Malamai maza ba su da hanyar shiga wurinsu. Asma'u tana da ita. Tun a 1820 ta fara rubutu, kuma sannu a hankali ta riƙa karkata zuwa Hausa. A 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa. Da Bello ya rubuta littafi na nasiha ga mata da Larabci, ita ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa, ta jero salihan mata tun daga iyalan Annabi (SAW) har zuwa matan da aka sani ido da ido a jama'ar Shehu. Ta yi wata gajeriyar waƙa mai ɗauke da sunayen surorin Alƙur'ani a jere, don wadda ba ta taɓa riƙe allo ba ta haddace su tana daka ko kaɗi. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i, wanda a fili yake amsa ce ga abin da ke kai mata gidan bori.

Sai dai waƙa ba ta da ƙafa. Dole a samu mai kai ta ƙauye.

Malfa da jan rawani

Tsarin da ta fito da shi a wajajen ƙarshen mulkin Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ba shi da sarƙaƙiya. A kowane ƙauye akan samu dattijuwa mai mutunci da riƙon amana, Asma'u ta naɗa ta jaji. A wajen fatake, jaji shi ne jagoran ayari. Naɗin kuwa na gaske ne: a ɗora mata malfa, a naɗa mata jan rawani. Malfar nan ita ce irin wadda Innar Gobir ke sawa. Ke nan Asma'u ba ta ƙirƙiro baƙuwar alama ba, ta ɗauki wadda kowace Bagobira ta san ma'anarta ta ɗora a kan malama. Mace mai malfa idan ta ratsa kasuwa ko daji da ayarinta, kowa ya san ba a tare ta.

Jaji ke tattara matan ƙauyenta ta jagorance su a ƙafa zuwa gidan Asma'u. Ba kowace mace ke tafiya ba. 'Yan matan da ba su kai aure ba da dattijan da suka gama haihuwa su ke zuwa, matan aure masu goyo na gida. A nan dabarar take. Da an ce matan aure su bar ɗakunansu su yi tafiyar kwanaki, da mazaje da malamai sun kashe abin tun yana jariri. Sai aka bi ta inda ba mai cewa uffan, waɗanda suka je kuma suka dawo da karatun har cikin ɗaki. Sukan zauna kwanaki suna haddace waƙoƙin, ana yi musu bayanin alwala da salla da azumi da haƙƙin maƙwabci da na miji da na mata, suna kawo tambayoyi da ƙorafe-ƙorafen da suka taho da su.

Kuɗin tafiyar fa? Matan ba hannu rabbana suke zuwa ba. Kowace ƙungiya na tahowa da sadakar da aka tara a ƙauye: hatsi, zuma, man shanu, zare da sawaye. Har matan da ba su samu zuwa ba na ba da nasu. Asma'u ba ta tara kayan nan, rarraba su take yi ga makafi da guragu da marasa lafiya da gwauraye. Matar ƙauye da ta ba da mudun gero ta san ita mai bayarwa ce a cikin tafiyar, ba mai jiran a ba ta ba. A gida kuma aikin jaji ya wuce karantarwa: sulhunta ma'aurata, duba majinyata, wankan gawar mata, kula da tsabtar masallaci.

Darajar da Asma'u ke ba waɗannan mata ta fito a rubuce. Da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa Bello da Giɗaɗo. A adabin wancan zamani, inda sarakuna da manyan malamai ke cinye yabo, ba ƙaramin abu ba ne sunan matar ƙauye ya shiga takarda saboda ta yi shekaru tana kai mata makaranta.

Wanda ya san ƙasar Adar ta yau zai ga wani abu da ya saba gani. Daga Kaita zuwa Buza da Tama da Madawa, da zarar an gama girbi samari da magidanta kan kama hanyar Kano ko Legas ko Abijan ko Libiya, ƙauyuka su koma hannun mata da tsofaffi. Da aka fara furojen Kaita a 1984, bayan fari, da kuɗin Italiya da haɗin gwiwar hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne suka fi yawa a cikin masu ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan tare ruwa da dasa itatuwa. A 1991 kuma ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, wanda aka gina a kan adashin da mata suka daɗe suna yi: su zuba kuɗinsu a asusu, su ranta wa junansu, su zaɓi shugabanninsu. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Abin da ya sa ya kama ƙasa bai yi nisa da na 'Yan Taru ba. Dukiyar ta 'yan ƙungiya ce, mai koyarwa 'yar gari ce, an kuma ɗora sabon abu a kan wanda aka riga aka sani. Ƙungiyoyin gama-kai da aka kafa don kawai a karɓi kayan furoje kuwa, da yawansu ranar da motar furojen ta daina zuwa ranar suke daina taro, kuma masu turo kuɗi daga waje don a kafa ƙungiyar ci-gaban gari sun fi kowa sanin zafin haka.

Bai kamata a yi wa tarihin kwalliyar da ba tasa ba. Asma'u ba 'yar gwagwarmayar zamani ba ce da aka haifa kafin lokacinta, kamar yadda wasu ke son nuna ta a tarukan ranar mata. 'Yar daula ce, mai kare ta da alƙalami. Ta yi waƙar murnar nasarar Gawakuke ta 1836, inda rundunar Bello ta karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye, yaƙin da bayansa Gobirawa suka kafa Tsibiri. Ga zuriyar waɗanda aka ci a ranar, wannan ba labarin farin ciki ba ne. Da yawa daga cikin matan da aka koyar ba da son ransu suka zo ƙasar ba, kuma karatun bai cire su daga bauta ba. Bori da ta yaƙa shi ne abin da wasunsu suka rage da shi daga gida. Sannan tana da abin da shugabar ƙungiyar mata a Tama ba ta da shi: mahaifinta Shehu, yayanta Sarkin Musulmi, mijinta Waziri. Ba mai iya hana ta taro.

Duk da haka, gata kaɗai ba ya bayyana abin da ya biyo baya, domin 'ya'yan sarakuna da yawa sun yi abin kirki ya bi su kabari. Giɗaɗo ya riga ta rasuwa, ɗansu Abdulƙadir ya zama Waziri, sarautar kuma ta zauna a zuriyarsu. Ita ta ci gaba da rubutu da karɓar ayarin mata har tsufa. Ayyukanta da suka iso wannan zamani sun kai kimanin 60. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta.

Ƙanwarta Maryam, wadda ta taɓa zama a Kano a matsayin matar Sarki Ibrahim Dabo, ita ta karɓi ragamar 'Yan Taru. Bayan ta sai Tamodi a Wurno. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, Faransawa suka riƙe Adar da Ƙonni da Maraɗi, aka sauke sarakuna aka naɗa wasu, aka kawo boko. Sabbin masu mulkin ba su ma san da ƙungiyar ba, saboda ba ta da ofis ko rajista da za a rufe. Ayarin matan ya ci gaba da zuwa Hubbare.

Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a Sakkwato, ita ta bi sawun tarihin da taimakon Waziri Junaidu, jikan gidan, wanda ke riƙe da takardun kakanninsa. Ta tarar da mata masu sarautar jaji a ƙauyuka suna rera waƙoƙin da ka, fiye da shekara 100 bayan rasuwar mai su. Littafinta kan rayuwar Asma'u ya fito a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka wallafa tarin ayyukanta da fassarar Turanci. Daga baya wasu Musulmi baƙaƙen fata a birnin Pittsburgh na Amurka, mabiya koyarwar Shehu, suka kafa tasu ƙungiyar mata da sunan 'Yan Taru, mai shugabantar ta kuma jaji suke kiran ta.