Alois Alzheimer (1864-1915): Likitan da Ya Gano Tabon Cutar Mantuwa a Ƙwaƙwalwa

Haihuwa da Karatu

An haifi Alois Alzheimer ranar 14 ga Yuni, 1864 a Marktbreit, wani ƙaramin gari a yankin Bavariya na ƙasar Jamus. Ya yi karatun likita a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg, inda ya rubuta kundinsa a 1887 a kan halittun da ke samar da dauɗar kunne. A 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt. A can ya haɗu da Franz Nissl, gwanin rina naman ƙwaƙwalwa domin a iya ganin ƙwayoyinta a madubin ƙara girma. Matarsa Cecilie ta rasu a 1901, ta bar masa 'ya'ya uku da dukiyar da ta ba shi damar duƙufa ga bincike.

Majinyaciyar da Ta Sauya Tarihinsa

A watan Nuwamba na 1901 aka kwantar da wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, a asibitin. Tana fama da mantuwa, da ruɗewa, da zargin mijinta ba gaira ba dalili. Idan aka ce ta rubuta sunanta, sai ta manta kafin ta kai ƙarshe. A wancan zamani ana ɗaukar irin wannan hali gigin tsufa ne, alhali kuwa ita ba ta kai shekarun tsufa ba. Wannan ne ya ja hankalin Alzheimer, ya riƙa yi mata tambayoyi yana rubuta amsoshinta filla-filla.

A 1903 ya koma aiki ƙarƙashin Emil Kraepelin, wanda ya tafi da shi Munich, amma bai daina bibiyar halin matar ba. Da ta rasu ranar 8 ga Afrilu, 1906, aka aika masa da ƙwaƙwalwarta. Ya yanka ta siriri-siriri, ya rina da sinadarin azurfa, sai ya ga abubuwa biyu: wasu daskararrun dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu, ga kuma ƙwayoyi masu yawa da suka mutu.

Ya gabatar da sakamakon a taron likitocin taɓin hankali a Tübingen a watan Nuwamba na 1906. Ba wanda ya yi masa ko tambaya ɗaya. Sai a 1910 Kraepelin ya laƙaba wa cutar sunan Alzheimer a bugu na takwas na littafinsa na koyarwa.

Rasuwarsa

A 1912 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Breslau, birnin da a yau ke cikin ƙasar Poland. Rashin lafiya ta kama shi tun a hanyar zuwa, bai kuma murmure sosai ba har ya rasu ranar 19 ga Disamba, 1915, yana da shekara 51, daidai shekarun Auguste ranar da ya fara ganinta. An binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.

Abin da Ya Bari

Alzheimer ya ga dunƙulen da zaruruwan da idonsa, amma kayan aikin zamaninsa ba su isa su bayyana masa da me aka yi su ba. Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka ware furotin ɗin da ake kira beta-amiloyid, wanda shi ne ke taruwa ya zama dunƙulen. Ba da jimawa ba aka gano cewa zaruruwan na wani furotin ne mai suna tau. A 1995 aka samar da ɓeraye masu ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado ta ɗan Adam, waɗanda dunƙulen ke fitowa a ƙwaƙwalwarsu. A yau masana na auna dubban nau'o'in furotin a ƙwaƙwalwar irin waɗannan ɓeraye tun suna jarirai har su tsufa, domin gano wanda ke fara sauyawa kafin mantuwa ta bayyana. Sai dai ɓera ba mutum ba ne: da yawa cikinsu suna yin dunƙulen ba tare da zaruruwan ba. Har yanzu alamomi biyun da Alzheimer ya bayyana a 1906 su ne ma'aunin tabbatar da cutar, maganin da zai warkar da ita kuwa ana kan nemansa.