Mary Slessor

Mary Mitchell Slessor (2 ga Disamba, 1848 – 13 ga Janairu, 1915) 'yar mishan ce daga Sikotland wadda ta shahara wajen ceton tagwaye a kudu maso gabashin Najeriya.

Farkon rayuwa

An haife ta a Aberdeen cikin gidan talakawa. Bayan iyayenta sun koma Dundee, ta fara aiki a masaƙa tana da shekara 11.

Aiki

Ta isa Kalaba a shekarar 1876, inda ta koyi harshen Efik. A wancan zamani ana camfa haihuwar tagwaye a yankin, ana kashe jariran ko a yar da su a daji, a kuma kori uwar. Slessor ta riƙa tsinto irin waɗannan yara tana rainonsu a gidanta. A 1888 ta koma Okoyong, daga baya Turawan mulki suka ba ta shari'ar yankin.

Mutuwa

Zazzaɓi ya daɗe yana damunta. Ta rasu a Use Ikot Oku, aka binne ta a Kalaba. Bankin Clydesdale ya sa hotonta a takardar fam 10.